Wa Ya Koya Wa Malam Yin Tambaya?



Idan ana maganar gyaran ilimi a Sakkwato, abin da ke fara zuwa bakin kowa shi ne rufin aji da iska ta yaye, da kujerun zama, da albashi, da ƙarancin malamai. Duk gaskiya ne, babu mai musu. Amma akwai wani aiki da malami ke yi sau da yawa a kowace rana, ko rufi na yoyo ko ba ya yoyo, ko albashi ya shigo ko bai shigo ba, wato yi wa yara tambaya. Ba a kawo zancensa a taron iyaye da malamai, ba a ware masa layi a kasafin kuɗi. Ni kuwa a ganina, a darasin nazarin zamantakewa, wanda yaranmu ke kira soshiyal, irin tambayar da malam ya saba yi ita ce ke tsara irin tunanin da yaro zai fita da shi daga makaranta. Kuma mafi yawan malamanmu babu wanda ya taɓa zama da su ya koya musu yadda ake rubuta tambaya mai nauyi.

Ku biyo ni mu leƙa wani aji na ƙaramar sakandare a nan Tudun Wadar Sakkwato. Ba sai na kama sunan makaranta ba, domin abin da za mu gani ba na makaranta ɗaya ba ne. Hantsi ya dubi ludayi, zafi ya fara, aji ya cika maƙil, yara huɗu a benci ɗaya, wasu a ƙasa sun ɗora littafi a gwiwa. Darasin yau ƙaura ne. Malam ya cika allo da rubutu: ma'anar ƙaura, ire-irenta, dalilanta guda huɗu. Yara sun kwafe. Sai ya juyo, ya kakkaɓe allin hannunsa, ya ce, "Mece ce ƙaura?" Aji gaba ɗaya ya ɗauka da murya ɗaya, idanu a kan allo. "Ƙaura iri nawa ce?" "Biyu!" "Kun gane?" "E, Malam!" "Akwai mai tambaya?" Shiru. Aka kaɗa ƙararrawa.

Malamin nan ba malalaci ba ne. Ya zo da wuri, ya shirya darasinsa, muryarsa har ta dushe. Sai dai a cikin ajin nan akwai yarinyar da iyayenta suka baro yankin Sabon Birni ko Isa saboda ɓarayin daji. Akwai yaron da mahaifinsa ke tafiya cin rani kudu duk shekara da zarar an gama girbi. Akwai wanda kakansa ya zo daga Birnin Ƙonni tun ba a haifi malam ba. Rabin ajin ƙaura ce ta kawo su inda suke zaune. Duk da haka darasi ya zo ya wuce, babu tambaya ɗaya da ta sa wani yaro ya haɗa abin da ke allo da abin da ke gidansu. Tambaya kamar guga ce, idan igiyarta gajera ce, komai yawan ruwan rijiya haka za a jawo ta wayam.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Tun a shekarar 1912 wata mai bincike a Amurka, Romiett Stevens, ta zauna a azuzuwan sakandare tana ƙirga tambayoyin malamai. Ta tarar malami na yin tambaya kusan 400 a rana, kuma kusan kashi biyu cikin uku hadda kawai suke nema. A 1970 wani masani, Meredith Gall, ya tattara binciken da aka yi a tsakanin, ya ga abin bai canza ba: wajen kashi 60 cikin 100 na tambayoyin tuna abin da aka faɗa ne, kashi 20 na tafiyar da aji ne, irin su "kun buɗe shafin?", kashi 20 kacal ke sa yaro tunani. Abin da wannan ke nuna mana shi ne, idan aka bar malami da al'adarsa, a ko'ina yake a duniya, tambayar hadda zai yi. Ita ta fi sauƙin fita daga baki, ita ta fi sauƙin dubawa, kuma da ita aka koyar da shi. Ba ya barinta sai an horar da shi da gangan.

To me ya sa na ware darasin zamantakewa? Saboda dalilin da ya sa aka kawo shi tun farko. Wannan darasi bai daɗe a makarantunmu ba. A 1968 aka yi taro a Mombasa ta ƙasar Kenya, inda masana ilimi daga ƙasashen Afirka suka amince cewa tarihi da labarin ƙasa irin na zamanin Turawa, wanda ke sa yaro haddace kogunan Ingila, ba zai gina ɗan ƙasa ba. A 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka yi babban taron manhaja a Legas, wanda daga gare shi Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta fito. A nan Arewa, Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta yi aiki sosai wajen shirya littattafai da horar da malaman wannan darasi. Burin a fili yake: a samar da yaro mai fahimtar al'ummarsa, mai iya auna magana kafin ya yarda da ita, mai iya zama da wanda ba ƙabilarsu ɗaya ba. Yanzu ku gaya mini, ta yaya za a kai ga wannan buri da tambayar "lissafa ire-iren iyali guda biyu"? Yaron da ya ci maki goma bisa goma a wannan tambaya, gobe za a turo masa saƙon ƙarya a WhatsApp cewa wata ƙabila ta yi kaza, ya tura wa mutum hamsin ba tare da ya ce wa ya faɗa, ina hujja ba. Babu wanda ya taɓa tambayarsa hujja a aji, ina zai koyi nemanta?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan na faruwa a Sakkwato. Mu ne fa muka gaji malaman da ba su ji tsoron tambaya mai wuya ba. Lokacin da yaƙin jihadi ya kai ƙasar Borno, Shehu Muhammadul Amin Al-Kanemi ya rubuto wasiƙu yana tuhumar jagororin jihadi, yana neman su faɗi hujjar yaƙar mutanen da ke salla suna azumi. Tambaya ce mai zafi, daga bakin abokin hamayya. Muhammadu Bello bai ɓoye ta ba. Ya kwafe ta a cikin littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, ya biyo ta da amsa, ya bar wa mai karatu ya auna. Tun kafin nan, Askiya Muhammadu na Songhai ya jera wa Shehu Al-Maghili tambayoyi a kan mulki da shari'a, amsoshin suka zama littafin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi ta kafa hujja da shi. Idan muka koma tushe, a cikin Sahihul Buhari, a littafin ilimi, akwai babi sukutum a kan shugaba ya jefa wa sahabbansa tambaya don ya gwada saninsu. A nan ne aka kawo yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ta yi kama da Musulmi. Suka yi ta laluben itatuwan daji, Abdullahi ɗan Umar ya gano dabino ce amma kunya ta hana shi magana don shi ne ƙarami a wurin. Ku lura, ba a rubuta amsar a gabansu ba. An bar su sun yi tunani, sun yi kuskure, sannan aka faɗa musu. Kuma da Abdullahi ya gaya wa mahaifinsa abin da ya zo masa a rai, Sayyidina Umar ya nuna da ya faɗa da ya fi masa daɗi. Duk mai cewa sa yaro ya yi tunani ya faɗi ra'ayinsa baƙon abu ne da ya zo daga Turai, bai duba abin da ke gidansa ba.

Ban ce a jefar da hadda ba, a fahimce ni. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, tun yana malamin makaranta a ƙarshen shekarun 1940, ya tsara Waƙar Nijeriya don yara su riƙe garuruwa da koguna da albarkatun ƙasarsu. Ya san ba a tunani a kan abin da ba a sani ba. Yaron da bai san Goronyo na gabas da Sakkwato ba, ba zai iya bayyana maka yadda ruwan madatsar da ke can ke isowa gari ba. Hadda ita ce matakin farko. Laifinmu shi ne mun tsaya a kanta mun ƙi gaba.

Wani zai ce ai ana koyar da wannan a kwalejin horon malamai. Ana koyarwa, amma ku ji yadda ake yi. Duk wanda ya yi NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, wadda ta faro tun 1970, ko ya karanta ilimi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya ji sunan Benjamin Bloom. A 1956 shi da abokan aikinsa suka fitar da matakai shida na tunani: sani, fahimta, aiki da abin da aka sani, rarrabewa, haɗawa, da yanke hukunci. A 2001 aka sake musu fasali. Asalin aikin kuwa, masu shirya jarrabawa ne a jami'o'in Amurka suka so su sami ma'aunin da za su riƙa tantance tambayoyinsu da shi. Kayan aikin mai rubuta tambaya ne. Mu kuma sai muka mayar da shi abin haddacewa. Ɗalibin kwaleji zai shiga jarrabawa a ce ya lissafa matakan nan shida, ya lissafa, ya ci, ya karɓi takardarsa, alhali bai taɓa zama ya rubuta tambaya ɗaya a mataki na huɗu wani ya duba masa ya ce gyara nan ba. Wannan abin baƙin ciki ne, domin ba ƙaramin lokaci da kuɗi ake kashewa a shekara ukun nan ba.

Bayan ya kama aiki kuma, sai ya tarar darasinsa maraya ne. Lissafi da kimiyya sun sami shirin SMASE, wanda aka fara a 2006 da taimakon ƙasar Japan a jihohin Kaduna da Neja da Filato kafin ya bazu. Karatun 'yan aji ɗaya zuwa uku ya sami shirin Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauchi, kuma malaman firamare da yawa a garin nan sun amfana da shi. Madalla da waɗannan. Shi kuwa soshiyal, a makarantu da dama, duk malamin da jadawalinsa bai cika ba shi ake miƙa wa, wai ai kowa na iya koyar da shi. Manhajar ma an yi ta juya ta. An taɓa cusa shi cikin rukuni ɗaya da ilimin zama ɗan ƙasa da na tsaro da na addini, an cire tarihi na tsawon shekaru sannan aka dawo da shi. Kowane sauyi sai a kira malamai bita ta kwana biyu ko uku a babban zaure, wani ya tsaya da na'urar haska bango ya yi ta karanto musu, a raba alawus, a watse. Malam ya koma ajinsa da tambayoyinsa na jiya.

Irin horon da nake kira a yi daban ne, kuma ba ya buƙatar otal. Malaman soshiyal shida ko takwas daga makarantun da ke kusa da juna, a ce na Tudun Wada da maƙwabtanta, su haɗu a aji ɗaya bayan an tashi, sau biyu a wata. Kowa ya zo da littafin shirin darasinsa da takardar jarrabawar zangon da ya wuce, tasa ta gaske, wadda ya ba yara. A tare da su a sami mutum ɗaya da ya ƙware, daga kwaleji ko daga cikin tsofaffin malamai. Aikin farko shi ne a ɗauki takardar nan a bi ta tambaya bayan tambaya, ana cewa: amsar wannan tana cikin abin da aka kwafa daga allo kalma da kalma, ko sai yaro ya yi wani aiki da kansa? A yi alama. Malami da yawa ranar ce zai fara ganin cewa tambaya ashirin da ya rubuta duk iri ɗaya ce.

Sannan a ɗauki guda ɗaya a sake ta. Mu koma kan darasinmu na ƙaura. Tsohuwar tambaya ta ce, "Lissafa dalilan ƙaura guda huɗu." A bar ta, tana da amfaninta. Amma a biyo ta da wannan: "Mutum biyu sun baro ƙauyukansu sun zo Sakkwato. Ɗaya ya zo cin rani bayan girbi, ɗaya ya zo da dare da matarsa da 'ya'yansa saboda an kai hari garinsu. Wanne ya fi yiwuwa ya koma gida kafin damina, kuma me ya sa? Me kowannensu zai fi buƙata daga unguwar da ya sauka?" Yaro ba zai sami wannan a allo ba. Dole ya ɗauko dalilan nan huɗu da ya haddace ya yi aiki da su. Kuma a wajen zaman malaman ne wata malama za ta ce, a yi hattara, akwai yaran da abin ya faru a kansu, kada a nuna yarinya da yatsa a ce tashi ki ba mu labarin yadda kuka gudo. A bar tambayar a kan mutum biyun nan da ba su da suna, wanda ya ga dama ya kawo na gidansu. Irin wannan hikima ba ta cikin littafin Bloom, sai a bakin wanda ya san ajin.

Ko a ɗauki tarihi. "A wace shekara Turawa suka ci Sakkwato?" Amsa, 1903, maki biyu. Amma abin da ya biyo bayan yaƙin Giginya a watan Maris na shekarar ya fi shekarar kanta darasi. Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas da jama'a masu yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari ya zaɓi zama da mutanen da suka rage, ya yi sulhu da Turawa, har ya rubuta risala yana bayyana wa malamai dalilinsa. Mutum biyu masu ilimi, masu tsoron Allah, a gari ɗaya, a rana ɗaya, suka ɗauki hanya biyu. A tambayi ɗan aji uku na ƙaramar sakandare: wace hujja kowannensu zai kafa, kuma me zai sami talakan da ba shi da dabbar hawa a kowace hanyar? Yaron da ya yi kokawa da wannan tambaya ya koyi cewa mutanen kirki na iya saɓawa, ya koyi duba al'amari ta idon wani. Ba zai manta 1903 ba kuma har abada. Ga Hubbare, ga gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, duk a cikin gari, tafiyar Keke Napep ce.

Unguwar nan tamu ma tambaya ce. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna da Jos da Gusau. A Kano da Zariya, zamanin Turawa ne aka ware ta don 'yan Arewa baƙi da ba 'yan cikin ganuwa ba, kamar yadda aka ware Sabon Gari don mutanen kudu. A tura yara gida su tambayi tsofaffi uku yaushe gidansu ya zo Tudun Wadar Sakkwato, daga ina, don me. Su dawo a jera amsoshin a allo. Idan labarin tsoho biyu ya saɓa, sai malam ya ce, to wanne za mu ɗauka, kuma ta yaya za mu tabbatar? Wannan ita ce tambayar da za ta kare yaron nan daga jita-jita idan ya girma.

Akwai wani kuskure da ya kamata horon ya tare tun da wuri. Wasu malamai idan aka ce su tsaurara tambaya, sai su ɗauka ana nufin su ɓoye ta. Su nemo wata shekara da ke ƙasan shafi, ko su jibga manyan kalmomin Turanci, yara su faɗi, malam ya ji shi gwani ne. Wannan mugunta ce, kuma har yanzu hadda ce. Maganinta shi ne doka ɗaya a zaman malaman: duk wanda ya rubuta tambaya, ya zauna ya amsa ta a rubuce da kansa, da abin da ya koyar kawai, sannan ya ba na kusa da shi ya amsa. Idan amsoshin biyu suka nufi wurare daban, tambayar ce ba ta fito ba. Bayan haka ya rubuta yadda amsa mai kyau za ta kasance, da matsakaiciya, da mai rauni, tun kafin ya ga takardar yaro ko ɗaya. Idan ba a yi haka ba, maki zai koma hannun mai kyan rubutu da mai yawan surutu.

Sai kuma abin da ke biyo bayan tambaya. Wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, ta ɗauki muryoyin azuzuwa a farkon shekarun 1970 tana auna shirun da ke tsakanin tambaya da amsa. Ta tarar malami ba ya jira fiye da sakan ɗaya kafin ya maimaita, ko ya kira wani, ko ya amsa da kansa. Da aka horar da malamai su jira sakan uku ko fiye, sai amsoshi suka yi tsawo, yaran da ba sa magana suka fara ɗaga hannu, masu cewa ban sani ba suka ragu. Sakan uku, jama'a. Ba a sayen sa da kuɗi. Amma a ajinmu, inda aka saba da amsar taron dangi, sai an gwada wa malami, wani ya zauna a bayan aji ya lura masa, kafin ya iya jure wannan shirun. A Japan malamai sun daɗe da al'adar shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran su kalla, sannan su zauna su tattauna, kuma sukan ɓata lokaci mai tsawo a kan babbar tambaya guda ɗaya da darasin zai tsaya a kanta.

Na san abin da malami mai saurarona ke faɗa a ransa yanzu. Yana cewa, mai sharhi, Manufar Ilimi ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, ni kuwa nawa sun ninka haka, yaushe zan duba dogayen amsoshi? Maganarka gaskiya ce, Malam, kuma ba zan raina ta ba. Amma ko tambayar canki-canka ana iya ba ta nauyi. Ga misali. A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, har da ta Illela, shinkafar waje ta yi tsada. Wa ya fi yiwuwa ya ci riba: manomin shinkafa a fadamar Rima, ko direban da ke jigila zuwa Ƙonni, ko mai sayar da abinci a tasha, ko ma'aikaci mai albashi? Harafi ɗaya yaro zai zagaye, dubawa ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma sai ya yi tunani a kan mutum huɗu kafin ya zaɓa. Wanda ya zaɓi mai sayar da abinci kuma ya nuna maka inda ya ruɗe: ya ɗauka duk wanda ya ƙara kuɗin kayansa riba ya ci. Gobe ka san daga inda za ka fara. Wahalar tana wajen rubutawa, shi ya sa ake son malamai su haɗu. Idan mutum takwas kowa ya kawo tambaya biyu masu kyau a wata, aka tace su, kafin shekara ta zagayo sun tara abin da zai ishe su, su ba na bayansu.

Sai batun harshe, wanda ba a son faɗa a fili. Yaron da Turancinsa bai wuce na kwafa ba, ba zai iya kawo hujja da Turanci ba, ko da hujjar na cikin kansa. Ra'ayina shi ne a bar yara su yi muhawarar da Hausa, biyu-biyu ko a benci, su tace tunaninsu, sannan malam ya taimaka musu su mayar da shi jimla biyu ko uku na Turanci a littafi. Hana su Hausa a wannan gaɓa hana su tunani ne, kuma Turancin ma ba zai samu ta hanyar shiru ba.

Abu na ƙarshe da zai iya rusa duk wannan shi ne jarrabawa. Malami na koyar da abin da ya san za a tambaya. Muddin jarrabawar kammala ƙaramar sakandare da ta ƙarshen zango hadda zalla suke nema, duk bitar da za a yi banza ce, domin hedimasta da iyaye sakamako za su duba. Saboda haka masu shirya tambayoyin jarrabawa a ma'aikatar ilimi su ne ya kamata su fara shiga wannan horo, tun kafin malaman aji. Masu duba makarantu kuma, idan sun zo, kada su tsaya ga rajista da sa hannu a littafin shirin darasi. Su zauna a bayan aji minti ashirin, su rubuta tambayoyin da suka ji, su nuna wa malam cikin mutunci, ba don kama laifi ba.

A nan Sakkwato ne Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE ranar 30 ga Satumba, 1999. Yaran da suka shiga aji ɗaya a shekarar, yau wasunsu su ne ke riƙe da alli. Kirana ga hukumar SUBEB ta jiha da ma'aikatar ilimi shi ne, daga kuɗin horon malamai da ake warewa duk shekara, a fitar da kaso a ba malaman soshiyal, a yi shi a makarantunsu, a kan takardun jarrabawarsu. Ga Kwalejin Shehu Shagari da sashen ilimi na jami'a, kada ɗalibi ya fita aikin gwajin koyarwa sai ya rubuta tambayoyi an duba masa an mayar masa ya gyara. Ga hedimastoci, ku ba malamanku aji ɗaya da awa biyu, ba sai kun jira takarda daga sama ba. Ku kuma iyaye na Tudun Wada da sauran unguwanni, idan yaro ya kawo sakamako a ƙarshen zangon nan, bayan kun duba na nawa ya zo, ku ce ya kawo muku takardar tambayoyin soshiyal. Wanda bai iya karantawa ba ya sa a karanta masa. Ku ƙirga tambaya nawa ce ta ce "me ya sa". Idan babu ko ɗaya, ku kai maganar taron iyaye da malamai na gaba.